Ciwon ƙugun mai juna biyu: inda tausa ke amfani da inda take kisa

A wannan sati filin namu zai bar kasuwa da biro ya shiga cikin gida, don ya taɓo wata magana wadda maza suka saba ji da kunne ɗaya. Idan mace ta kai wata shida ko bakwai da ciki ta fara cewa ƙugunta zai rabe, ko ba ta iya juyawa bisa gado sai ta cije leɓe, amsar da take samu ba ta wuce biyu ba. Tsofaffin gida su ce ta yi haƙuri, haka kowa ya yi. Maigida kuwa ya ce ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, ya miƙa dala ɗari a sayo ƙwaya wurin mai tallan magani, ya sa takalminsa ya fita. In cikin fari ne ma, ba za a ji ƙorafin ba sam, domin kunya ta riga ta rufe bakin yarinyar. To, wannan ciwo ba raki ba ne. Yana da dalili a cikin jiki, yana da abin da ke sauƙaƙa shi, kuma akwai cututtuka masu kisa da ke sa rigarsa su shigo gida.

Ƙashin ƙugu ba dunƙule ɗaya ba ne kamar yadda ake zato. Zobe ne mai mahaɗa uku: biyu a baya, daidai ƴan ramukan nan biyu da ake gani a ƙasan gadon baya, ɗaya kuma a gaba, a ƙashin mara. Igiyoyi masu tauri ne ke ɗaure da waɗannan mahaɗai, har ba su cika motsi ba. Da ciki ya shiga sai jiki ya fara zubo wasu sinadarai cikin jini, waɗanda likitoci ke kira homon, masu kai saƙo daga wata gaɓa zuwa wata. Estrojen da projestaron suna ƙaruwa ninki bisa ninki. Na ukunsu, wanda sunansa ya fi fitowa a maganar ƙugu, shi ne rilaksin. Wani masanin dabbobi ɗan Amurka, Frederick Hisaw, ya gano shi a 1926, lokacin da ya ɗauki ruwan jinin dabba mai ciki ya yi wa ɓeran Masar allurarsa, ya ga mahaɗar ƙashin mararta ta saki. A jikin mace ma igiyoyin ƙugu suna yin laushi. Tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan mara, wadda a ka'ida milimita 4 zuwa 5 ce, tana ƙara milimita 2 ko 3. Hikimar Ubangiji ke nan, ana yi wa kan yaro hanya tun kafin ranar naƙuda. Sai tazarar ta wuce milimita 10 ne likitoci ke cewa ƙashin ya buɗe fiye da kima.

Amma kada mu ɗora wa rilaksin laifin da ba nasa ba. Wannan sinadari yana kai ƙololuwarsa ne wajen ƙarshen wata na uku, daga nan ya ɗan sauka ya tsaya. Ciwon kuwa ya fi tsananta daga wata na biyar zuwa gaba. Masu bincike sun sha auna jinin mata masu ciwon ƙugu da na waɗanda ba su da shi, sakamakon bai zo iri ɗaya ba: wasu sun ga alaƙa, da yawa ba su gani ba. Abin da hankali ya fi kwantawa da shi shi ne, homon yana sassauta ɗauri, kaya kuma shi ke kawo ciwo. Mace mai matsakaicin jiki ana sa ran ta ƙara kilo 11 zuwa 16 kafin ta sauka. Nauyin yana gaba, don haka take turo ƙirji baya, ƙasan bayanta ya ƙara lanƙwasa. Naman ciki, wanda shi ne ɗamarar jiki, ya miƙe ya rasa ƙarfi. Sai naman baya da na ɗuwawu su ɗauki aikin da ba nasu ba, su yini a ɗaure, su kwana a ɗaure. Ruwan da jiki ke riƙewa kuma shi ke sa yatsun hannu su yi minjirya da dare, zobe ya ƙi fita.

Likitocin Turai, a cikin jagorar da suka fitar a 2008, sun ƙiyasta cewa mace 1 cikin 5 masu ciki tana fama da ciwon mahaɗan ƙugu. Ciwon baya kuwa yana samun rabi ko fiye. A lura da kyau, an yi wannan lissafi ne a kan matan da famfo ke cikin ɗakinsu. Tamu matar fa? Bido mai litar 25 kilo 25 ne bisa kai, ko a hannu guda, wanda ya fi muni, domin jiki yana karkata gefe ɗaya. Ga surfe da daka a tsaye, ga shara da guntuwar tsintsiya a duƙe, ga wanki a tsugune, ga goyon yaron da ba a daɗe da yayewa ba. In za ta awo kuma ta hau kabu-kabu ta ware ƙafa, a bi da ita ta ramuka. Sa'an nan ga yawan haihuwa: ƙidayar 2012 ta ba kowace mace a Nijar ƴaƴa 7,6, ta 2021 ta ce 6,2. An san cewa wadda ta taɓa ciwon baya, ko ta yi ciwon ƙugu a cikin baya, ita ta fi saurin sake kamuwa. Ƙugun da bai gama komawa ba aka sake ɗora masa kaya, me ake so ya ce?

Matar ma'aikaci ko ma'aikaciya kanta ba ta tsira ba. Sakatariya da ke yini bisa kujera, malamar lakwal da ke tsaye gaban allo tun takwas na safe, mai rumfa a babbar kasuwar Maraɗi da ke zaune bisa ƴar kujera ta tsuguno, dukansu ƙugu ɗaya ne. Dokar aiki ta ba mace hutun haihuwa na sati 14, takwas daga ciki bayan haihuwa. Ke nan kafin hutun ya zo ta riga ta ci watannin da ciwon ya fi zafi tana bakin aiki. Shugaban ma'aikata da ya bar ta ta riƙa tashi tana ɗan takawa kowane rabin awa, ko ya sa aka ajiye mata kujera a aji, bai yi asarar komai ba.

Yanzu mu zo ga tausa. Ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu sun san matsa jiki da man kaɗanya tun kafin nasara ya zo da littafinsa, kuma yaro yakan taka wa tsoho baya in ya dawo daga gona. Abin tambaya shi ne me tausa ke iyawa ga mai ciki. Ba ta mayar da igiyar da ta saki, ba ta rage homon, ba ta rufe ƙashin mara. Wanda ya ce zai yi haka da hannunsa ciniki yake nema. Abin da take yi shi ne ta kwance naman da ya ɗaure don yawan aiki, ta rage zafin da ake ji, ta sa barci ya zo. Ga macen da ta yi wata biyu ba ta yi barcin kirki ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

An gwada abin a Amurka. Wata mai bincike, Tiffany Field, wadda ta kafa cibiyar nazarin taɓa jiki a jami'ar Miyami a 1992, ta ɗauki mata 26 masu ciki a 1999 ta raba su biyu. Kashi guda aka yi musu tausa ta minti 20, sau biyu a sati, har sati biyar. Suka ce ciwon baya ya ragu, fargaba ta ragu, barci ya gyaru. A 2004 ta sake wani gwaji da mata 84 masu fama da ƙuncin rai, wannan karo abokan zamansu ne aka koya wa tausar, suka riƙa yi a gida har sati 16, aka kuma ga sauƙi a ciwon baya da na ƙafa. Gaskiya ita ce mata 26 ko 84 ba su isa a kafa doka a kansu ba, shi ya sa likitoci ke ɗaukar tausa a matsayin taimako, ba magani ba. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, a shawarwarinta na 2016 game da awon ciki, motsa jiki a kai a kai ta sa gaba wajen ciwon baya da ƙugu, ta ƙara da aikin masu gashin jiki na asibiti da ɗamarar da ke riƙe ƙugu. A 2018 kuma ta yarda da tausa da ɗumama baya don rage zafin naƙuda.

Ni dai abin da ya fi jan hankalina a gwajin 2004 shi ne hannun da ya yi aikin. Ba na gwani ba ne, na mai gida ne. A Yamai akwai masu wannan sana'a da suka yi karatunta, ana ce musu kine, amma wa zai ɗauko mace daga Tasawa ko Madawa sau biyu a sati don tausar minti ashirin? Na san abin da Alhaji zai ce: ina ni ina matsa wa mace baya, in uwata ta ji fa? Ranka ya daɗe, ba a tsakar gida aka ce ka yi ba. Wanda bai ji nauyin shiga ɗakin ba lokacin da aka samu cikin, bai kamata nauyi ya kama shi yanzu ba. In kuwa abin ya gagara, akwai ƙanwa, akwai uwa, akwai abokiyar zama in ana zaman lafiya.

Yadda ake yi ba shi da wuya. Ta kwanta bisa gefe, an fi son na hagu, a sa matashi tsakanin gwiwoyinta, wani kuma ƙarƙashin ciki. Ko ta zauna ta rungumi bayan kujera. Daga wata na biyar kada a kwantar da ita rigingine na tsawon lokaci, domin nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, sai jiri ya kama ta, gumi ya keto. Rub da ciki kuwa ba a ma maganarsa. A shafa man kaɗanya ko man gyaɗa a tafin hannu, a bi kafaɗu da wuya, a gangaro ta gefe biyu na ƙashin baya, ba bisa ƙashin ba, har zuwa ƙugu da naman ɗuwawu, inda yawancin ɗaurin yake. Da tafin hannu ake yi, a hankali, ba da gwiwar hannu ba, ba a taka ta da ƙafa, ba a murɗa ta don a ji ƙashi ya yi ƙara. Minti 15 zuwa 20 ya isa. Ita ce alƙali: in ta ce da zafi a sassauta, in mara ta ɗaure ko jiri ya zo a tsaya. A watanni ukun farko masu sana'ar da yawa sukan janye hannu, ba don an tabbatar cewa shafa baya na zubar da ciki ba, sai don yawancin ɓari a lokacin yake faruwa, kuma in ya faru mai hannu za a kama.

Akwai kuma ƙananan dabaru da sukan fi tausar kanta aiki. Ta riƙa haɗa gwiwoyi wuri guda in za ta juya ko za ta sauka daga gado ko mota. Kada ta tsaya bisa ƙafa guda don sa tufafi, ta zauna. Ta raba kaya gida biyu maimakon ta rataya a gefe guda. Ɗankwali mai faɗi ko zane da aka ɗaure tamau a ƙasan ciki, daidai kan ƙasusuwan ƙugu, yana yin aikin ɗamarar da ake sayarwa a farmasi. Tsumma mai ɗumi a ƙasan baya yana taimakawa, mai ɗumi na ce, ba mai ƙuna ba. Bidon ruwa kuwa a nemi wanda zai ɗauka. Kuɗin ga-ruwa na wata uku bai kai kuɗin shadda guda ba.

Wurare biyu ne hannu ba ya zuwa, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya buɗe ido.

Na farko shi ne ciki. Ba ina nufin shafawa ta lallashi ba, ina nufin murzawa da dannawa da sunan gyara kwanciyar yaro, ko ɗaga cikin da aka ce ya sauka. Likitocin Fatakwal a kudancin Najeriya, inda wannan al'ada take da ƙarfi, sun rubuta rahotanni a kan matan da aka kawo musu bayan irin wannan murza: mabiyiya ta ɓalle daga jikin mahaifa kafin lokaci, jini ya ɓalle, wata mahaifar ta fashe, yaro ya mutu a ciki, wani lokaci har da uwar. Gaskiya ne ana juya yaron da ya zo ta ƙafa daga waje, amma likita ke yi, a asibiti, wajen sati na 36 ko 37, bayan an duba da na'urar hoton ciki, ana sauraren zuciyar yaron, ɗakin tiyata kuma yana kusa. Ungozoma tana da daraja a unguwa, ba mai musun wannan, amma yatsunta ba sa ganin inda mabiyiya ta kwanta.

Na biyu shi ne ƙafar da ta kumbura ita kaɗai. Jinin mai ciki yana saurin daskarewa, shiri ne na jiki don kada ta zubar da jini da yawa ranar haihuwa. Sakamakon haka haɗarin gudan jini ya toshe jijiyar ƙafa ya ninka sau 4 zuwa 5, kuma galibi ƙafar hagu yake kamawa. Kumburin ƙafa biyu da yamma, wanda ke sauka in an kwana ko an ɗora ƙafa bisa matashi, abu ne da aka saba gani. Amma in ƙafa ɗaya ce ta fi ɗaya girma, sha-raɓa ko cinya tana ciwo, wurin ya yi zafi, to wannan ita ce ƙafar da kowa a gida zai so ya murza don tausayi, kuma ita ce wadda murzawa ke iya ɓalle gudan jinin ya tafi huhu. Mace tana magana sai numfashi ya gagara. Irin wannan ƙafa ba ta son mai, mota take so zuwa asibiti a ranar. Saboda haka ko a lafiyayyar ƙafa ba a danna sha-raɓar mai ciki da ƙarfi, shafawa sama-sama ta isa.

Haɗarin tausa mafi yawa ma ba a hannu yake ba, a jinkiri yake. Ana shafa mai ana jiran sauƙi, alhali abin da ke ciwon ba ƙugu ba ne. Ciwon gaɓoɓi tare da zazzaɓi a ƙasarmu masassarar cizon sauro ce har sai gwajin jini ya ce ba ita ba, kuma ga mai ciki tana shan jini tana ƙanƙantar da yaro. Don haka ake ba da ƙwayoyin rigakafinta a wurin awo daga wata na huɗu, aƙalla sau uku, wata guda tsakani. Ciwon kwiɓi da zazzaɓi da zafin fitsari ƙoda ce ta kamu. Ciwon baya mai zuwa yana tafiya a kan lokaci, mara tana ɗaurewa, kafin sati na 37, naƙudar bakwaini ce. Mace mai amosanin jini, wanda ake kira sikila, in ƙasusuwanta suka tashi tana da ciki, asibiti za a nufa ba tare da shawara ba. Sai kuma babbar: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, zafi a saman ciki, fuska da hannu sun kumbura. Wannan hawan jinin masu ciki ne, wanda ke zuwa bayan sati na 20. In sajfam ta auna ta rubuta 14/9 ko fiye a karne, ba lissafin banza ba ne, jijjiga ce ke kan hanya in ba a tare ta ba. Zubar jini, fashewar faya, ko yaro ya daina motsi, waɗannan ba sai an faɗa ba. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin awon ciki, OMS kuma tun 2016 ta ce a ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa. Maigidan da ke hana zuwa awo don matar tana tafiya da ƙafarta, ya sani hawan jini ba ya sallama.

Saura maganar ƙwayar nan ta dala ɗari. Abin da mai tallan magani ya fi miƙa wa mai ciwon jiki shi ne ibuprofen ko diklofenak, wani lokaci har da tramol. Biyun farko suna aiki ƙwarai ga ɗan dako, amma ga mai ciki guba ne ga yaro: suna taɓa ƙodarsa har ruwan mahaifa ya ragu, suna kuma iya rufe wata jijiya kusa da zuciyarsa wadda bai kamata ta rufe ba sai bayan haihuwa. Hukumar magunguna ta Faransa ta haramta su gaba ɗaya daga farkon wata na shida, ko da ƙwaya guda ce, har da na shafawa. Ta Amurka a 2020 ta ja kunne tun daga sati na 20. Ke nan wanda ya sayo man diklofenak don ya yi tausa da shi ya shigo da abin da ake gudu ta taga. Parasetamol shi ne wanda likitoci suka fi yarda da shi, shi ma gwargwadon yadda aka rubuta, na ƴan kwanaki. Tramol kuwa ba abin da mai ciki za ta saya a bakin tasha ba ne.

Ga mafi yawan mata ciwon ƙugu yana tafiya da kansa cikin watanni ukun farko bayan haihuwa, yayin da homon ya sauka, igiyoyi suka koma ɗaurinsu. Wadda nata ya wuce haka, ko ta kasa taka ƙafa bayan ta sauka, ta koma a duba ta, kada a ce sanyi ne a ƙara mata ruwan zafi. Maganar ƙafa kuwa ba ta ƙare da zanen suna ba. Haɗarin gudan jini ya fi yawa ne a sati shida na bayan haihuwa, wato daidai kwana arba'in na jego, lokacin da mace take kwance a ɗaki, tsohuwa tana zuwa safe da yamma da ruwan wanka da ganye tana matsa mata jiki. Ita wannan tsohuwa ya kamata a fara gaya wa: in ta ga ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, ta ajiye ganyen, ta aika a kira maigida.